Malam Rabo da Dodon Rumbu

A shekarun da kuɗin man fetur ya fara shigowa ƙasa, lokacin da kowane ma'aikaci ke neman babur ko rediyo mai kaset, ma'aikatar gona ta ba Malam Rabo mota Landiroba, da injin majigi, da janareta, da fim guda ɗaya. Rabo malamin gona ne a Faskari, dogo siriri, mai son aikinsa har yakan manta da abincin rana. An ce ya zaga ƙauyuka, daga Sabuwa har Ƙanƙara, ya nuna ma manoma yadda ƙwaro ke cinye hatsi a rumbu da yadda za a yi maganinsa.

Fim ɗin na da amfani, amma ba shi da daɗin kallo. Yana farawa da wani mutum mai kwat a gaban allo, riƙe da sanda, yana ta bayani da Hausar ofis. Kafin ya gama gaisuwa ma tsofaffi sun fara gyangyaɗi. Matasa su yi ta ihu a sa masu kaboyi ko ƙwallo, in suka ga babu sai su watse. A Sheme, ranar da ya fara kai shi can, mutum uku suka rage har ƙarshe, ɗaya daga cikinsu kuwa mai shayi ne da ke jiran a mayar mashi da bencinsa.

"Yau ma haka?" in ji matarsa Safara'u, da ta ga ya shigo yana jan ƙafa.

"Yau ma haka. Kuma wallahi rabin dawar mutanen nan ƙwaro ke cinyewa kafin damina."

"To su ba su sani ba?"

"Sun sani. Sun saba ne kawai."

Wata Asabar aiki ya kai shi Funtuwa. Da ya gama sai ya biya gidan silima wajen abokinsa Gide, wanda suka yi firamare tare, shi ke kula da injin gidan. Gide ya zaunar da shi a kujera mai kyau, ya ce ya jira fim ɗin Indiya da za a sa bayan magariba.

Kafin fim ɗin sai aka sako tallan wani fim na ban tsoro da za a kawo mako mai zuwa. Allo ya yi baƙi ƙirin. Can sai ga wani gida shi kaɗai a daji, iska na kaɗa labule. Wata mata ta fito da fitila a hannu, tana tafiya a hankali cikin wani dogon lungu. Wani kiɗa mai kauri na bin ta, kamar bugun zuciya. Ta isa wata ƙofa. Kiɗan ya tsaya cak. Ɗakin silima duka ya yi tsit, har mai gyaɗa ya daina tallarsa. Matar ta miƙa hannu, ƙofar ta fara buɗewa da kanta tana ƙara. Sai wani ihu ya tsaga ɗakin, allo ya sake yin baƙi, wata murya mai zurfi ta ce a zo ranar Juma'a.

Rabo ya tarar da kansa tsaye, hularsa a ƙasa. Na kusa da shi ya riƙe mashi hannun riga, bai kuwa san shi ba. Can aka fashe da dariya, kowa na tsokanar kowa, amma duk inda ya juya magana ɗaya ake yi: "Wallahi Juma'a ina nan."

Bai gane komai ba a fim ɗin Indiyan. Hankalinsa na kan wannan ɗan guntun talla, wanda bai kai tsawon shan kofin shayi ba amma ya sa ɗaki guda ya yi alkawarin dawowa. Da aka tashi ya hau wajen Gide.

"Ka ara mani wannan tallan in kun gama da shi."

Gide ya yi dariya. "Malamin gona da fim ɗin fatalwa? Mi za ka shuka da shi?"

"Kai dai ka ara mani."

Bayan mako guda Gide ya aiko mashi da ɗan gwangwanin fim ɗin tallan a hannun wani direban lori. Rabo ya rufe tagogin ɗakinsa da barguna da rana tsaka, ya tada janareta a tsakar gida, ya kira Safara'u ta zauna a tabarma. Ya haska tallan a jikin bango. Da aka zo wajen ihun, Safara'u ta yi salati ta watsar da kwanon wake da take tsincewa.

"Malam, wannan wane irin abu ne ka kawo mana gida!"

"Mi kika gani bayan ƙofar?"

"Wata tsohuwa mai ido ɗaya. Gashinta har ƙasa."

"Ni kuwa a Funtuwa ƙaho na gani," in ji Rabo. "Na rantse ƙaho ne."

Suka yi ta gardama, har ya ce bari su duba. Ya cire bargo ɗaya, ya warware zaren fim ɗin, suka ɗaga shi a hasken taga suna bin ƙananan hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ga matar, ga fitilar, ga hannunta, ga ƙofar ta ɗan buɗe. Bayan nan baƙi ne kawai. Babu tsohuwa, babu ƙaho, babu komai.

Safara'u ta karɓi zaren ta sake dubawa da kanta. "To ina ta shiga?"

"Ba ta taɓa zuwa ba. Ke kika kawo ta."

Abin ya ba ta haushi, ya kuma ba ta sha'awa. Ta ce ya sake sawa, amma ya kashe sautin. Ya kashe. Sai ga wata mata kawai tana yawo da fitila kamar mai neman kaza. Safara'u ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta ce ya mayar da sautin, ita kuma ta rufe idonta. Ko da ido rufe, da kiɗan ya tsaya sai ta ji tsikar jikinta ta tashi.

"Ba ihun ne ke tsoratarwa ba," ta ce. "Shirun nan ne na kafin ihun. Kana jira, ba ka san mi kake jira ba."

Rabo ya zauna a bakin gado yana kallon ta. Sai ya ce, "A fim ɗina ma akwai mata. Akwai rumbu. Tana sa hannu ciki."

Suka dubi juna.

Akwai wani tsohon kwafi na fim ɗin ƙwaron da ya ƙuƙƙuje, an jefar da shi a sito. Rabo ya ɗauko shi, ya samo almakashi da salatif. Ya cire mutumin mai kwat gaba ɗaya. Ya ɗauki inda aka nuna rumbuna da yamma, inuwarsu ta yi tsawo. Ya ɗauki matar tana tafiya da ƙwarya, da inda ta hau tsani, da inda ta ɗaga murfin rumbu ta zura hannu cikin duhu. Tsakanin kowane yanki ya liƙa ɗan baƙin zare. A ƙarshe ya sa hoton ƙwaron da aka ɗauka ta gilashin ƙara girma, ya cika allo da dogon bakinsa.

Safara'u ta ce, "Cire wannan."

"Ai shi ne dodon!"

"Shi ya sa. In sun gan shi yau, mi zai kawo su gobe? Ka bar ƙafa ɗaya kawai, ita ma kamar ƙiftawar ido."

Ya bar ƙafa ɗaya, baƙa mai gashi-gashi, tana motsi.

Sai maganar sauti. Rabo na da sabuwar rakoda da ya saya a Zariya. Bugun zuciya bai ba su wahala ba: Safara'u ta rufa zane a cikin turmi ta riƙa sakin taɓarya a hankali. Ƙarar ƙofa kuwa ƙyauren kicin ɗinsu ya daɗe yana yin ta ba wanda ya yaba mashi. Don ƙarar cin hatsi, Rabo ya kai bakinsa kusa da rakodar yana tauna aya. Da aka zo kan ihu ya dubi matarsa.

"A'a," ta ce. "Muryata a kasuwar Sheme? Ka nemi wata."

Wadda aka samu ita ce jar akuyarsu, wadda in aka janye ɗanta takan yi wani kuka kamar na mutum. Rabo ya ɗauki ɗan ya ɓoye bayan ɗaki, Safara'u ta riƙe rakoda, akuya ta yi aikinta har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar ko lafiya.

Muryar mai magana ce ta ƙi. Rabo ya gwada ya gwada, amma muryarsa siririya ce, duk yadda ya yi sai ta fito kamar yana sanarwar rabon taki. Suna cikin saurare ne batir ɗin rakodar ya fara mutuwa. Kaset ya riƙa juyawa a hankali, muryar Rabo ta ja, ta yi kauri, ta koma kamar daga ƙasan rijiya take fitowa.

"Tsaya!" in ji Safara'u. "Kada ka canza batir ɗin nan."

Wani abu ɗaya ya dame shi. Ya ce shi ma'aikaci ne, ba ya son a ce ya yi ma mutane ƙarya. Suka sake sauraren kalmomin tare. Shina cikin gidanka. Shina ci kana barci. Ba ka jin shigarsa. Ya gama da maƙwabcinka, saura kai.

"Wace ce ƙarya a ciki?" ta tambaye shi.

Ya duba, bai samu ba.

Ranar kasuwar Sheme, da aka idar da sallar magariba, Rabo ya kafa farin ƙyalle a jikin bangon makaranta. Mutane kaɗan suka tsaya, yawancinsu don tsokana. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Malam, mai kwat ɗin ne kuma?" Rabo ya kunna inji, ya danna rakoda a bakin lasifika.

Turmi ya fara bugawa. Rumbuna suka bayyana, irin nasu sak, da jinka da komai. Muryar ta fito a hankali, surutu ya mutu. Matar ta hau tsani. Ƙyaure ya yi ƙara. Ta zura hannu cikin duhu, sai komai ya ɗauke, ba a jin komai sai tauna, ƙurus, ƙurus. Wata baƙar ƙafa ta gifta. Akuya ta kurma ihu.

Benci ya kife da mutum huɗu. Mai tsire ya bar tukubarsa. Muryar ta ce a zo kasuwa mai zuwa a ga abin da ke cikin rumbu. Rabo ya naɗe ƙyallensa, ya loda kaya a mota, ana ta jefo mashi tambayoyi yana cewa shi ma aiko shi aka yi.

Kafin tsakiyar mako dagacin Sheme ya aiko a kira shi. Ya same shi a zaure da dattawa, fuskar kowa a ɗaure.

"Malam Rabo, ka hana mu cin tuwo," in ji dagaci. "Mata sun ce ba mai hawa rumbu. Yara ba su bi ta bayan gida. Jiya wani ya zo ya ce ya kasa kunne a jikin rumbunsa ya ji ana tauna."

"Ranka ya daɗe, in ya ji, to da gaske ana taunar."

Dattawa suka gyara zama.

"To mi ne ne a ciki?"

Rabo ya nemi izini ya matsa, ya raɗa mashi a kunne. Kafaɗun dagaci suka fara rawa, ya ja gefen rawani ya rufe baki kamar mai tari. Da ya samu kansa sai ya ɗago, ya girgiza kai a hankali, ya dubi dattawan.

"Abin ya fi yadda nake zato," ya ce. "Kowa ya zo da iyalinsa. A yi ma mata wuri daban. Kafin nan, maza su riƙa ɗebo hatsin da kansu."

Ranar da aka sa, filin makaranta bai ɗauki jama'a ba. An hau katanga, an hau bishiyar ɗorawa, an hau kan lorin da ya kawo 'yan kasuwa. An zo daga Faskari, an zo daga ƙauyukan hanyar Sabuwa. A sahun gaba akwai wani dattijo Bamaguje mai suna Mati, manomi kuma maharbi daga Pauwa, wanda ya ji labari a bakin fatake ya biyo mota da matarsa Kyauta. Ya zauna da bakansa a cinya da kwari a kafaɗa, Kyauta kuwa ta ƙi zuwa wajen mata ta zauna kusa da shi.

"Baba, ai ba a harbin majigi," in ji Rabo.

"Na sani, yaro. Ina son in ga kamanninsa ne, in na gamu da shi in gane shi."

Rabo ya fara da ɗan tallan da ya haɗa, don waɗanda ba su gani ba. Ko waɗanda suka gani sai da suka zabura. Sannan ya sa fim ɗin na gaske, amma tun a gida ya naɗe wajen mai kwat ya wuce shi. Matar ta hau tsani, ta zura hannu. Wannan karon allo bai yi baƙi ba. Ta fito da hannunta cike da dawa, ta buɗe tafinta, duk ta zama gari da ɓawo. Hoto ya matsa kusa, ya ƙara matsawa, sai ga shi ya cika bango: baƙi, mai sulke, da dogon baki kamar na giwa.

Aka yi tsit. Can daga wajen mata wata tsohuwa, Iya Fatsuma, ta ce da ƙarfi, "La! Ai ƙwaron dawa ne!"

Dariya ta ɓarke daga wajen mata ta bazu har kan bishiya. Wasu na tafi, wasu na zagi cikin raha. Wani saurayi ya yi ihu, "Malam ya cuce mu!" Dagaci kuwa ya kwanta a kujerarsa yana share hawaye. Mati ya miƙe tsaye, ransa a ɓace.

"Don wanga abu na baro Pauwa?"

Rabo ya ga kamar yanzu za a watse kamar kullum. Amma kafin Mati ya juya, hoton ya canza. An tsaga ƙwayar dawa guda, ga farar tsutsa a ciki, ƙatuwa kamar ɗan maraƙi a jikin bango, tana murɗawa tana ci. Aka nuna uwar tana huda wata ƙwayar tana saka ƙwai. Aka nuna su dubbai suna tafasa cikin hatsi.

Dariyar ta ragu. Wata mata ta ce, "Wayyo, wannan muke tuƙawa?" Wani ya tofar da yawu. Mati ya koma ya zauna a hankali, bai ɗauke ido daga bangon ba. Ba wanda ya tashi. Suka kalli yadda ake share rumbu a liƙe tsagoginsa kafin a zuba sabon hatsi, da yadda ake shanya shi ya bushe sosai, da yadda ake barbaɗa hodar magani. Da fim ya ƙare aka ce a maimaita wajen tsutsar, Rabo ya maimaita.

Washegari da hantsi ya dawo Sheme don mayar da bencin makaranta da ya ara. Tun daga bakin gari ya ga tabarmi a ƙofar gidaje, an baza dawa da gero a rana, mata na ta sheƙewa suna nuna ma juna abin da ke fita. Wani magidanci ya tare motar, ya ce a zo a duba mashi rumbu. Kafin ya gama da shi wasu sun yi layi.

A can Mati ya same shi, ƙura har gira, rabin jikinsa cikin rumbun wani. Ya jira ya sauko.

"Yaro, jiya na yi fushi da kai."

"Na gani, Baba. A yi haƙuri."

"Bara na ɗaure damin da ya ishe mu shekara. Kafin shuka Kyauta na zuwa awo kasuwa. Na zargi ɓera, na zargi 'ya'yan ƙanena. Ashe ga ɓarawon." Ya gyara kwarinsa. "Yaushe za ka kawo fim ɗin Pauwa?"

"Duk ranar da kuka ce."

"Ka fara kawo ƙaramin. Mai ihun nan."

Kyauta, wadda ke tsaye bayansa da ƙullin kayanta, ta ce, "Malam, kada ya ruɗe ka da bakan nan. Da aka yi ihun, ƙafata ya taka har yanzu tana zafi."

"Ke, yi shiru," in ji Mati, yana ɓoye murmushi. Ya matso kusa da Rabo ya rage murya. "Akwai wani aminina can, Ɗanhausa, kullum shina cika baki wai bai taɓa jin tsoro ba. A gaba nake son a zaunar da shi. Kada ka faɗa ma kowa mi ke ciki."

"Ai 'yan Sheme za su kai labari kafin in iso."

Amma ba su kai ba. Duk ɗan Sheme da aka tambaya a mota ko a kasuwa sai ya girgiza kai ya ce abin ba ya faɗuwa, sai dai mutum ya gani da idonsa. Iya Fatsuma ma da jikarta ta zo daga Sabuwa tana tambaya, cewa ta yi ita dai tun ranar ba ta sake zura hannu a rumbu ba bisimilla ba.

Ranar da Rabo ya shiga Pauwa, Safara'u na gidan gaba riƙe da rakoda a cinya, don ta ce wannan karon sai ta ga fuskokin mutane da idonta. Sun tarar da Mati a gindin tsamiya, jama'a sun kewaye shi, yana ba su labari da murya ƙasa-ƙasa. Da ya hango motar sai ya yi shiru a tsakiyar magana, ya bar su baki buɗe, ya taso ya taya Rabo sauke janareta.